Ranar da Hular 'Yan Rumbu ta Sauka a Kan Ƙanƙara

Port Carrow, Ontario
Farkon Nuwamba

Zuwa ga abokina Bohdan Melnyk, a Winnipeg,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ka cikin sauƙi. Yaya jikin? Yaya hannun nan na dama, ya fara riƙe cokali ko har yanzu yana yajin aiki? Yaya 'yarka Oksana da mai gidanta da yara? A gaishe su duka. Oksana, na san ke ce mai karanta masa, to ki ɗaga murya, kuma kada ki tsallake zagin da ke ciki. Nasa ne, ya saba.

Ni ina nan lafiya, sai gwiwa da kunne. Kada ka sake sa a kira ni a waya. Kai ciwo ya karkata maka baki, ni kunne ya toshe, rannan ba abin da muka yi sai "Me ka ce?" har kofina ya huce. Takarda ta fi. Ka san daga aji biyar na bar makaranta na ɗauki shebur a rumbun alkama, kuma har gobe alƙalami ya fi mini shebur nauyi. Amma saboda kai zan ɗauka.

Na gode da kwalbar kabeji mai tsami da aka aiko. Gishiri ya ɗan yi kaɗan, amma na cinye.

An rufe kakar besbol makon jiya. Na kashe rediyo, na lulluɓe ta da tawul ɗin matata marigayiya Helmi, sai kuma bazara in Allah ya kai mu. Yanzu gari ya zama naku. Kantin kofi, wajen aski, har bakin coci, ba a zancen komai sai hoki, wasanku na kan ƙanƙara. Shekara hamsin kana ce mini besbol wasan malalata ne, wai ƙarti tara a tsaye cikin rana suna tauna cingam. To ni ma amsata tana nan inda ka bar ta. Besbol wasan masu hankali ne. Ba mai kora ka. Kowa sai an miƙa masa kulki ya tsaya shi kaɗai a gaban mai jifa, gwani da ɗan koyo, ba mai ɓuya a bayan wani. Kana zaune kana ɓare gyaɗa, kana hira da na kusa da kai, wasa yana jiranka. Naku fa? Mutane masu wawulo suna bin wani ɗan baƙin faifai da ko ganinsa ba a yi, in sun gaji su yar da gora su kama dambe.

Ba wai nawan ma sun bar shi lafiya ba. Yanzu har agogo suka kafa wa mai jifa, kamar mai dafa ƙwai. Ɗan wasa bana yana nan, baɗi yana can, kafin ka haddace sunansa ya canza riga. Tsakanin jifa da jifa kuma tallar caca. Duk da haka na gode Allah da ya bar mini ragowar kunnen da zan manna a jikin rediyo.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ɗana Matti ya tako har gida, ya tsaya a bakin ƙofa, ko rigar sanyi bai cire ba. Ya ce ƙungiyar hoki ta matan nan da ta ɗauki 'yarsa Aili a babban birni za ta zo ta buga wasa ɗaya a garin nan cikin Janairu, a gidan ƙanƙara inda ake buga hoki. Wasan ƙwararru, da talabijin da komai. Ya ce, "Baba, na dai gaya maka." Na ce na ji. Ya ce, "Shi ke nan?" Na ce akwai kofi a kan murhu. Ya ce sauri yake.

Kai ka san amsata, amma bari in maimaita saboda Oksana, tana ƙarama lokacin. Inda gidan ƙanƙarar nan yake da filin ajiye motocinsa, nan ne filin 'Yan Rumbu, ƙungiyar besbol ta garinmu. Su ma ƙwararru ne, ko da na ƙaramin rukuni. Ciyawa shar, benci na katako, in iska ta taso daga tafki har ƙamshin alkama kake ji. A bencin nan na fara ganin Helmi. Sai manyan gari suka zauna suka ce hoki ya fi tara jama'a, suka sallami ƙungiyar, suka kawo katafila. Ranar wasan ƙarshe Helmi ta sayo mini hular nan hana-salla, koriya mai hoton rumbu a goshi, ta ɗora mini a ka da hannunta. Ranar da aka malala kwalta a kan ciyawar kuwa na tsaya a bakin shinge na rantse ƙafata ba za ta taka gidan nan ba. Kana wurin, Bodo. Kai ka riƙe mini hannu don kada in jefi direban katafila. An doshi shekara arba'in, ban taka ba, hular kuma ba ta barin kaina sai a coci da ɗakin sirace.

Da Matti ya ce shi hoki yake so, ban hana shi ba. Wannan a rubuta a ajiye. Ban dai je ba. Kai ka riƙa kwarara ruwa a bayan gidanka har ya daskare, ka ɗaura masa takalmin sulu, ka riƙa kai shi atisaye a tsohuwar motarka mai tari. Da 'yarsa ta taso ka sake yi mata haka, da gwiwoyinka na tsufa. Ban taɓa ce maka na gode ba, don kada kanka ya kumbura, dama can ƙato ne kamar kabeji. Yau na ce. Na gode. Amma rantsuwa tana nan.

Ka sha maganinka, ka daina yi wa masu jinya gardama.

Ni ne abokinka,
Eino Lahti


Port Carrow
Tsakiyar Disamba

Bodo,

Bayan gaisuwa da tambayar jiki. Yaya sanyin Winnipeg? An ce naku bana har hanci yake mannewa. A gaida Oksana da mutanen gida.

Ambulan ɗinka ta iso. Na buɗe ina zaton hoton jikoki ne, sai ga tikiti. Ashe Aili ta aika maka da shi don kai ne malaminta na farko, likita ya hana ka tafiya, sai ka juyo da shi kaina. Har da sa Oksana ta rubuta wai idonka ya yi hazo, talabijin ba ta nuna maka komai sai inuwa, in je in zama idonka in ba ka labari. Kai tun muna samari makiri ne. Haka ka yi mini ranar da ka ce in raka ka rawa don kana jin kunya, na ƙare ina wanke kwanukan cocinku har yamma.

Na yi fushi kwana biyu. Daga baya na tuna mutumin da ba ya iya riƙe cokali ya zauna yana tunanin yadda zai gyara gidan wani. Na gode da wannan. Ban ce na karɓa ba.

Aili ta zo hutun Kirsimeti. Ka san al'adarmu. Duk Lahadin da take gari, tun ba ta kai tsawon tebur ba, nan take karyawa. In soya mata fanken nan namu mai faɗi siriri, irin na uwata, ta shafa masa jam ta naɗe. Tana ƙarama a cinyata take zama mu saurari besbol, kuma ni na koya mata cafe ƙwallo. Yarinyar nan da ta bi besbol, da yanzu ana labarinta. Kai ka sace mini ita.

Ta zauna, ta ci ɗaya, ta ce, "Ukki," ka san haka take kirana, wato kaka da yaren iyayena, "ka ga tikitin Kawu Bodo?"

Na ce, "Na gani. Takarda mai kauri. Daidai ƙafar teburin nan mai rawa."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Na buga a Sweden, na buga a Amurka, mutanen da ba su iya faɗin sunana ba sun yi mini tafi. Kai kuwa daga tagarka ana hango rufin filin."

Na ce, "Wannan ba fili ba ne, kabarin 'Yan Rumbu ne."

Ta ce, "Ni ban binne kowa ba, Ukki. Ba a ma haife ni ba."

Na juya fanke. Sai ta ajiye cokali ta ce, "Ka saurare ni da kunnen mai ji. Mai tsaron baya ce ni, tun da na shiga ƙungiyar nan ban jefa ko ɗaya a raga ba, kuma ba lallai su riƙe ni baɗi ba. Wannan ne kaɗai wasan da zan buga a garina. Babana ya yi shekaru yana leƙen benci ko zai gan ka, har ya gaji ya daina. Ni ba zan yi ta leƙe ba. Sau ɗaya zan duba. In kujerar can ba kowa," sai ta dafa wadda take zaune a kai, "to wannan ma ba kowa."

Na ce mata fankenta yana hucewa.

Ta cinye tas, ta wanke farantinta, ta sunkuyo ta sumbaci bakin hulata kamar yadda ta saba, ta fita. Ba ta buga ƙofa ba. Da ta buga da ya fi mini sauƙi.

Kada ka ce wajena ta ɗauko taurin kai. Na Helmi ne. Kuma ka gaya mini, ina laifin mutumin da ya faɗi magana ya tsaya a kanta? Waɗanda suka rushe filin duk sun mutu an liƙa sunayensu a jikin tituna, ni da na tuna ni ne mai laifi. Shi Matti bai taɓa tambayata abin da na ji ranar katafila ba. Kowa hoki, hoki. Ko a jana'izar Helmi na ji wasu a baya suna raɗa wa ya ci jiya.

Tikitin yana kan firji, ba ya ƙarƙashin tebur. Wannan kaɗai zan iya ce maka yau.

Barka da Kirsimeti tun kafin ta zo, ko da yake ku ta cocinku sai kowa ya gama kuke farawa.

Naka,
Eino


Port Carrow
Farkon Janairu

Bodo,

Gaisuwa, da barka da sabuwar shekara. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa bana ka taka da ƙafarka. Yaya Oksana? Ki yi haƙuri da rubutun, 'yata, hannuna ya yi sanyi.

An yi Kirsimeti a gidan Matti. Aili ta gaishe ni, ta zuba mini abinci, ta tambayi gwiwata, duk da ladabi, irin wanda ake yi wa baƙon coci. Lahadin da ta biyo baya tana gari. Na tashi na kwaɓa ƙullu ban ma sani ba, hannu ne ya saba. Na jera faranti biyu. Na zauna ina kallon taga har ƙullun ya tsinke. Ni kaɗai na yi ta cin fanken nan har tsakiyar mako, kuma ban taɓa sanin ba shi da daɗi ba sai yanzu.

To ka saurara, kuma kada ka yi wannan murmushin naka na gefe guda. Ran Asabar zan je. Amma ba don hoki ba, ba don manyan gari ba, ba kuma don wata ta tsorata ni ba. Aboki ya roƙi aron ido, ni kuwa ban taɓa hana ka aron komai ba, har tsanina da ka riƙe tun kafin ka tashi daga garin nan. Idon Bohdan Melnyk ne zai zauna a kujerar nan. Eino Lahti rakiya kawai zai yi.

Kuma kada ka sa Oksana ta cika mini takarda da dokokin wasa. Shekara hamsin kana zuba mini su a kunne, har da labarin ranar da ka jefa sabuwar malafarka ta aure a kan ƙanƙara, matarka ta yi mako ba ta kula ka ba. Na san komai. A jefa faifai a raga, a jefa hula, a koma gida. Ina abin wuya?

Da hulata zan shiga. Su ma su gan ta.

Naka,
Eino


Port Carrow
Litinin, bayan wasa

Zuwa ga abokina kuma ɗan'uwana Bohdan,

Gaisuwa mai tarin yawa. Yaya ƙarfin jiki? Yaya Oksana da yara? Ni ina lafiya, sai mura, kuma za ka ji dalilinta. Na san inuwar talabijin ta nuna maka wani abu, na kuma san Oksana ta gaya maka sauran tana dariya. To yanzu ka ji daga bakin idonka.

Da rana aka yi wasan. Matti ya zo ɗaukata. Muka ratsa filin motocin nan ina kallon takalmina. A bakin ƙofa ƙafata ta ɗan tsaya da kanta. Wata mata a bayana ta ce, "Baba, ka shiga ko ka matsa, sanyi muke ji." Haka rantsuwar shekara arba'in ta ƙare, Bodo, da turin wata mata mai goyon jaka.

Ciki ƙamshin gugguru da soyayyen dankali. 'Yan mata ƙanana ko'ina, da riguna masu lambar Aili a baya, da kwalaye an rubuta sunanmu, Lahti, da manyan baƙaƙe. Sunan ubana ke nan, wanda ya sauka a garin nan da akwati ɗaya. Kujerarka tana dab da gilashin da ya kewaye filin, ta Matti a gefenta.

'Yan wasa suka fito. Na gane ta tun kafin in ga lamba, tafiyar Helmi ce ko a kan ƙanƙara. Ta zaga sau ɗaya kanta a ƙasa. Da ta zo daidai mu ta ɗago. Sau ɗaya, kamar yadda ta ce. Ta ɗan buga gilashin da gorarta ta wuce. Matti ya kama neman wani abu a aljihu wanda babu shi.

Ga rahoton idonka. A abu ɗaya ka yi gaskiya: talabijin ƙarya take yi. A wurin ana ganin faifan sarai, kuma akwai wata ƙara da takalmin yake yi in ya yanki ƙanƙara, kamar ana wasa wuƙa, wadda ba ka taɓa gaya mini ba. Matan nan ba su yar da gora sun yi dambe ba, amma in suka haɗa mutum da katakon gefen fili har haƙorana na roba sai da suka motsa. Wata ƙatuwa ta ɗirka faifai, Aili ta jefa jikinta a gaba ya same ta a ƙwauri. Ta rarrafa zuwa benci, kafin in gama zagin ƙatuwar ta dawo. A besbol in ƙwallo ta same ka tafiya kyauta ake ba ka zuwa zangon farko. A nan ko sannu. Amma wasan ya cika gaggawa, wannan ban janye ba. Mutum ba ya samun sararin ɓare gyaɗa.

An shiga zagaye na ƙarshe ana cin su Aili biyu da ɗaya. Faifai ya fito daga cunkoso ya gangaro baya, inda take tsaye ita kaɗai. Ta ɗaga gora. Bodo, irin juya ƙugun nan da na koya mata da kulki a bayan gida, shi ta yi, kada ka ce naka ne. Ban ga tafiyar faifan ba. Jar fitila kawai na gani a bayan raga, gidan ya ɗauka gaba ɗaya.

Ban san sanda na miƙe ba. Ban san sanda hannuna ya kai kaina ba. Abin da na sani shi ne jikata ta ci, kuma in an ci ana jefa hula. Hannun nan da ya yi shekaru yana watsa alkama bai mutu ba. Hular ta haye gilashi, ta yi juyi a sama, ta sauka a tsakiyar fili, koriya a kan fari.

Ita kaɗai.

Na waiga in ga saura. Kowa hularsa tana kansa, kowa yana kallon sanƙona. Matti ya damƙe mini hannu ya ce, "Baba! Sai mutum ɗaya ya ci uku! Uku ake jefa wa!" Na ce, "In ji wa?" Ya ce, "In ji kowa! Yaron goye ma ya sani!" Sai dariya ta taso daga layinmu ta zagaye gidan. Wani mai jan gemu a bayana ya ce, "Tsoho, lissafi ya gudu ne?" Na ce masa ɗayan jikata ya fi ukun duk danginsa.

Alƙalin wasa ya hura usur, ya nufi hular zai kwashe ta kamar shara. Aili ta riga shi. Ba ta ɗauke ta da gora ba. Ta durƙusa, ta cire safar hannu, ta ɗauka da hannunta. Ta daɗe tana kallon ɗan rumbun nan da ya koɗe. Duk wanda ya san gidanmu ya san hular nan, da wanda ya saye ta. Ta ɗago ta dube ni, wannan karon ba sau ɗaya ba, ta ɗora ta a kan hular kwanonta.

Sai na ji motsi a gefena. Matti ya fizge hular ulunsa ya wurga. Mai jan gemu ya ce, "Kai, a tafi kawai!" ya wurga tasa. Daga nan kuma sai ruwan huluna, na ulu, na fata, na yara masu kunnen zomo. Lasifika tana ta gargaɗi a daina, ba mai ji. Da aka gama shara alƙalin ya yanke wa su Aili horon minti biyu don ɓata lokaci, aka fitar musu da mutum ɗaya. Cikin minti biyun nan aka ci su. Uku da biyu aka tashi.

Matti ya ce ni na jawo. Na ce alƙalin ne bai taɓa yin kaka ba. Na riƙe fuskarsa, kuma ina da sauran shekaru.

Muka jira ta a wani lungu mai warin safa. Ta fito da jiƙaƙƙen gashi, hular a hannunta. Na miƙa hannu. Ta ɓoye ta a baya ta ce, "Hular da aka jefa ba ta komawa, Ukki. Doka ce." Na ce wannan dokar na san ta. Ta ce, "Kociyarmu ta ce a gaya maka kafin wasa na gaba ka koyi ƙirga." Na ce ta gaya wa kociyar ta koya wa mai tsaron ragarta rufe ƙafa. Sai ta faɗo jikina da duk nauyinta, ta yi magana daidai kunnen mai ji. Ta ce, "Motarmu sai gobe da rana za ta tashi. Akwai ƙullu?"

Ko za su riƙe ta baɗi, ban sani ba, ita ma ba ta sani ba. Hular dai ta ce a ma'ajiyar kayanta za ta zauna, duk garin da ta je.

Saura abu ɗaya, kuma saboda shi na ce maka ɗan'uwa a sama.

Mun fito rana tana faɗuwa, dusar ƙanƙara tana sauka a hankali, ni da Matti kai ba hula, kunnuwa kamar za su karye. A tsakiyar filin motocin na tsaya. Ka san yadda nake gane wurin: in hasumiyar coci ta daidaita da dogon rumbu, to kana kan farantin gida, inda mai kulki yake tsayawa. Na ce, "Matti, nan ne." Ya ce, "Na sani, Baba. A kafaɗarka nake ranar wasan ƙarshe, ka manta?" Ya share dusar wurin da takalminsa. Sai ya ce, "Duk shekarun da Kawu Bodo yake kawo ni atisaye, bai taɓa ajiye mota a nan ba. Ko fili ya cika, ko nan kaɗai ya rage, sai ya fita titi mu tako da kaya a ka. In na yi ƙorafi ya ce, ba a taka farantin babanka. Ni ma haka na yi da Aili."

Kai Bodo. Kai mai kan kabeji. Shekara arba'in muna shan kofi tare kana zagin besbol, ba ka taɓa gaya mini ba.

Mun daɗe a tsaye a wurin, dusa tana taruwa a sanƙona da nasa, don shi ma ya fara. Daga nan murar take.

Jiya Lahadi ta zo, tana ɗingishi, ta cinye fanke kamar an yi fari. Ubanta ya rako ta. Ya cire rigar sanyi ya rataye a bayan ƙofa, ya ja kujera. Sai da na sake kwaɓa ƙullu.

Kada ka ɗauka na sauya. Besbol ya fi hoki, jiya da yau da gobe, kuma manyan garin nan ban yafe musu ba. Batun uku kuwa laifinka ne. Shekara hamsin kana surutu, ba ka taɓa yin bayani dalla-dalla ba. Amma na gode da tikiti, na gode da makirci, na gode da yara biyun da ka riƙe mini har na iso. Na gode da wurin da ba ka ajiye mota ba.

Matti ya ce in hanya ta buɗe da bazara zai tuƙo ni Winnipeg. Zan zo da rediyona, in zaunar da kai ka saurari wasan masu hankali daga farko har ƙarshe, tunda yanzu ba ka iya gudu. Tsanin kuma ka riƙe.

Oksana, 'yata, in kina da ragowar ulu ki saƙa mini hula. Kowace kala, ban da koriya. Koriyar tana wajen mai ita.

Ni ne abokinka har abada,
Eino Lahti